Allurar Baya da Farkawar Hanji Bayan Tiyatar Ciki

Duk wanda ya taɓa jinyar mutumin da aka yi wa babbar tiyata a ciki ya san tambayar da likitoci ke yi kowace safiya idan sun zagayo: "Ka fitar da iska?" Wani majiyyacin kunya ke kama shi, wani ya yi dariya har ɗinki ya ja shi. Likitan kuwa da gaske yake. Fitar iska ita ce alama ta farko mai sauƙin ganewa da ke nuna hanji ya koma bakin aiki, kuma sau da yawa ita ke raba wanda za a sallama jibi da wanda zai ƙara mako guda a gado. Wata allurar kashe zafi da ake yi a baya, efidural, tana iya sa wannan alama ta zo da wuri.

Hanji yakan tsaya bayan an buɗe ciki. Hakan na samun kusan kowa, tsawon lokacin ne kawai ya bambanta. Babu abin da ya toshe shi, bai murɗe ba, bai ƙulle ba. Motsin nan na matsewa da sakewa da ke tura abinci daga sama zuwa ƙasa ne yake ɗaukewa. Sassan cikin ma ba tare suke farkawa ba. Ƙaramin hanji yakan dawo cikin awa 24, tumbi ya ɗauki awa 24 zuwa 48, babban hanji kuwa, da ya fi kowa nawa, sai ya kai awa 48 zuwa 72, wani lokaci fiye. Idan abin ya zarce haka, ciki ya kumbura ya yi tam, zuciya ta riƙa tashi, amai ya biyo baya. Mara lafiya ya kasa cin abin da jikinsa ke buƙata don rauni ya warke. Kumburarren ciki na danne huhu daga ƙasa, numfashi ya koma sama-sama, majina ta taru a ƙirji. Aman kansa hatsari ne, domin yana iya sarƙe mutum ya faɗa masa huhu. Daga nan sai a zura roba ta hanci zuwa tumbi, a ci gaba da ƙarin ruwa, kwanakin asibiti su yi ta ƙaruwa.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Hanji na da jijiyoyin saƙo nasa na kansa, ƙwayoyi fiye da miliyan 100 shimfiɗe a cikin bangonsa, kuma yana iya motsi ko da ƙwaƙwalwa ba ta ce masa komai ba. Amma akwai iko biyu daga waje da ke juya shi, kamar totur da birki a mota. Totur ɗin su ne jijiyoyin hutu da narkar da abinci. Babbarsu, wadda ake kira bagus, daga ƙasan ƙwaƙwalwa take fitowa, ta bi ta wuya da ƙirji ta shiga ciki, tana kula da tumbi da ƙaramin hanji da kashin farko na babban hanji. Ragowar babban hanjin da dubura kuma daga can ƙarshen gadon baya suke samun nasu. Birkin kuwa jijiyoyin ko-ta-kwana ne, masu tashi idan jiki ya ji tsoro ko zafi ko rauni. Su daga tsakiyar laka, wato igiyar jijiyoyin da ke cikin ƙashin baya, suke fita, tsakanin gaɓa ta 5 ta ƙirji da gaɓa ta 2 ta ƙugu, wato T5 zuwa L2 a rubutun likitoci.

Da wuƙa ta taɓa fata da tantanin ciki, saƙon rauni zai ruga zuwa laka, laka kuma ta mayar da amsa ta jijiyoyin ko-ta-kwana cewa a dakata. Ga jikin da ke gudun hatsari wannan dabara ce mai ma'ana: a ajiye batun narkar da abinci, a kai jini ga zuciya da tsoka. Ga wanda ke kwance a gadon asibiti kuwa wahala ce kawai. An daɗe da sanin haka. Tun 1899 William Bayliss da Ernest Starling suka nuna a Landan, a jikin karnuka, cewa hanjin da ya yi lamo bayan an buɗe ciki yakan koma motsi idan aka yanke waɗannan jijiyoyin. Maganin sa barci na gaba ɗaya ba ya katse wannan kai-komo. Mutum na kwance bai san inda kansa yake ba, amma lakarsa tana karɓar saƙo tana mayar da amsa.

Bayan wannan amsa ta gaggawa akwai wata mai jan lokaci. Taɓa hanji da hannu, a ja shi, a matsa shi, yana tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a tsokar bangonsa, su kirawo wasu, wurin ya kumbura, tsokar ta yi kasala na kwanaki. Sai kuma abin da asibiti ke ƙarawa da hannunsa. Mofin da danginsa, waɗanda aka fi dogara da su wajen kashe zafin babbar tiyata, suna da mazauni a bangon hanji irin wanda suke da shi a ƙwaƙwalwa, don haka duk allurar da ta kwantar da zafi tana ƙara riƙe hanji. Ƙarin ruwan gishiri idan ya wuce kima yana jiƙa bangon hanjin ya kumbura. Ƙarancin sinadarin fotashiyam a jini shi ma yana kashe wa tsoka ƙarfi.

A nan allurar efidural ta shigo, wadda mata da yawa suka sani a ɗakin haihuwa. Laka tana cikin wata jaka mai kauri cike da ruwa, jakar kuma tana cikin ramin ƙashin baya. Tsakanin jakar da ƙashin akwai ɗan sarari, milimita kaɗan, mai kitse da jijiyoyin jini, kuma duk jijiyar saƙo da za ta shiga laka ko ta fita sai ta ratsa ta wurin. Nan ake zuba maganin. Ta bambanta da ɗaya allurar bayan, wadda ke huda jakar ta shiga cikin ruwan, a yi ta sau ɗaya ta saki bayan awanni kaɗan.

Mara lafiya zai zauna a bakin gado ya rungume matashi, ya sunkuyar da kai, ya turo bayansa. Likitan sa barci zai lalubi ƙasusuwan da yatsa, ya wanke wurin, ya kashe fatar, sannan ya riƙa tura wata allura mai lanƙwasasshen baki a hankali, babban yatsansa na danne da sirinji mai ruwan gishiri. Muddin bakin allurar na cikin naman nan mai tauri da ke haɗa ƙashi da ƙashi, sirinjin ba zai motsa ba. Da ya faɗa sararin, sai ruwan ya sulale babu turjiya. Da wannan sulalewar yake gane ya iso. Sai ya zura siririyar roba ta cikin allurar, santimita 4 ko 5 su shige, ya zare allurar, ya manne robar da filasta har kafaɗa. Ta nan wata ƙaramar na'ura za ta riƙa tura magani dare da rana na kwana 2 zuwa 3. Washegari nas za ta zo da ƙanƙara tana ɗora masa a fata. A kafaɗa zai ce akwai sanyi. A gefen ɗinki zai ce ya ji taɓawa amma babu sanyi. A cinya sanyin ya dawo. Haka ake auna iyakar inda maganin ya kama.

Dabarar ta haura shekara 100. Fidel Pagés, likitan soja ɗan Sifaniya, ya bayyana ta a 1921, Achille Dogliotti na Italiya ya yaɗa ta a farkon shekarun 1930, sannan Manuel Martínez Curbelo na Kyuba ya fara barin roba a wurin a 1947. Wannan robar ce ta mayar da allurar awa biyu ta zama maganin kwana uku, kuma ba don ita ba da babu zancen hanji sam.

Idan aka sa robar a tsakiyar baya, wajen gaɓa ta 7 zuwa ta 10 ta ƙirji, maganin kashe jijiya irin su bufibaken ko rofibaken zai rufe hanya biyu lokaci ɗaya: wadda ke kai labarin rauni zuwa laka, da wadda ke dawo da umarnin dakatawa zuwa hanji. Jijiyar bagus ba ta bi ta laka ba, saboda haka maganin bai same ta ba. Jijiyoyin can ƙarshen gadon baya kuma sun yi nisa. An ɗaga ƙafa daga birki ke nan, totur na nan yadda yake. Ga kuma riba ta biyu: tunda zafin ya mutu tun daga tushe, mofin ɗin da za a bayar ta jini ya ragu ƙwarai.

Wannan bayani shi ke nuna dalilin da ya sa ba kowace efidural ce ke taimakon hanji ba, abin da ake yawan mantawa idan ana yabonta. Wadda aka sa a ƙugu, irin ta haihuwa, takan kashe ƙafafu, ta bar saman ciki da zafinsa, wataƙila ma ta taɓa jijiyoyin ƙasa da ke tura babban hanji. Wadda aka zuba mata mofin zalla tana kashe zafi sosai, amma ba ta rufe jijiyoyin ko-ta-kwana, don haka hanji bai ga wata riba ba. Abin da aka fi yi shi ne a haɗa maganin kashe jijiya marar kauri da ɗan fentanil kaɗan, wanda dangin mofin ne. Wadda kuma aka cire da zarar an gama ɗinki ta tafi tun kafin lokacin da aka fi buƙatarta, domin rauni yana ci gaba da aika saƙonsa kwanaki bayan an fito daga ɗakin tiyata. Wuri, da magani, da tsawon lokaci, idan ɗaya ya kuskure labarin ya canja.

To nawa ne ribar idan an yi daidai? Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta fitar da nazari a 2016 ƙarƙashin jagorancin Joanne Guay, ta duba gwaje-gwaje 128. Waɗanda aka ba efidural mai maganin kashe jijiya sun riga waɗanda aka ba mofin da danginsa fitar da iska da kimanin awa 17, sun riga su yin bayan gida da kimanin awa 22. Zafin da suke ji idan sun motsa ya ragu da kusan maki 2.5 a ma'aunin maki 10. A tiyatar da aka buɗe ciki, zaman asibiti ya ragu da kamar kwana ɗaya, ko da yake masu nazarin sun ce hujjar wannan ɓangaren ba ta da ƙarfi. A yawan amai na ranar farko ba a ga bambanci ba. Awa 17 ba za ta burge mai karatu ba, amma wanda ya kwana da kumburarren ciki ya san tsawonta.

A ganina, abin da efidural ke bayarwa dama ce, kuma damar tana iya tafiya a banza. Mutumin da ya fi kowa fito da wannan fili shi ne Henrik Kehlet, likitan fiɗa ɗan Denmak. A shekarun 1990 ya tambayi abin da kowa ya ɗauka ba abin tambaya ba ne: me ke riƙe mara lafiya a asibiti bayan tiyata? Ya ga zafi ne, da tsayawar hanji, da kasala, da kuma al'adun asibiti da babu wanda ya taɓa gwada amfaninsu, irin su hana abinci har sai hanji ya yi ƙugi, da barin robar hanci kwanaki, da kwanciya ba motsi. Ya haɗa efidural ta tsakiyar baya da ba da abinci tun ranar tiyata da tayar da mara lafiya ya taka. A 1999 ya ba da rahoton mutum 16 da aka yanke musu wani sashe na babban hanji ta hanyar buɗe ciki, yawancinsu suka koma gida bayan kwana 2, a zamanin da mako ɗaya ko fiye shi ne abin da aka saba. Daga aikinsa tsarin gaggauta warkewa da ake kira ERAS ya samo asali. Mara lafiyar da aka kashe masa zafi aka kuma bar shi kwance da yunwa, an ɗora masa hatsarin allurar ne ba tare da ya ci moriyarta ba.

Kada kuma a ɗora mata abin da ba ta yi ba. Wani babban gwaji mai suna MASTER, wanda aka jagoranta daga Ostireliya aka buga a mujallar Lancet a 2002, ya bi mutum 915 masu raunin lafiya da aka yi wa babbar tiyatar ciki. Efidural ba ta rage mutuwa cikin kwana 30 ba. Abin da ta rage shi ne gazawar numfashi, daga kashi 30 cikin 100 zuwa kashi 23, ta kuma fi kashe zafi. Mai iya yin tari ba tare da ya dafe ciki yana cije leɓe ba, huhunsa ya fi tsira.

Babbar matsalarta ta yau da kullum daga tushe ɗaya ta fito da amfaninta. Jijiyoyin ko-ta-kwanan da ke tsayar da hanji su ne ke matse jijiyoyin jini. Idan aka rufe su, jijiyoyin jinin ciki su saki, jini ya taru a can, awon jini ya yi ƙasa. Mara lafiya ya tashi zaune ya ji jiri. Abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi a irin wannan hali shi ne a buɗe ƙarin ruwa, leda bayan leda. An gudu ba a tsira ba, domin ruwan nan zai je ya kumbura bangon hanjin da ake ƙoƙarin tayarwa, ya kuma jiƙa wurin da aka ɗinke hanji da hanji. Idan an tabbatar jiki ba ya ƙishin ruwa, abin da ya dace shi ne a ba da ɗan maganin da ke matse jijiyoyin jini, ko a rage gudun na'urar. Amma irin wannan magani na buƙatar sa ido, kuma ba kowane ɗakin jinya ke da ma'aikatan da za su yi shi ba.

An daɗe ana fargabar cewa hanjin da ya fara motsi da wuri zai ɓalle sabon ɗinki. Nazarin Cochrane bai ga ƙarin yoyon ɗinki ba a masu efidural. Abin da ya fi cancantar fargaba shi ne a bar awon jini a ƙasa na awanni, domin ɗinkin hanji da jini yake warkewa.

Sai kuma tiyata kanta ta canja. Yau ana yanke hanji ta ƙananan huji da kyamara, ba tare da an tsaga ciki daga ƙirji zuwa mara ba. Rauni ƙarami, taɓa hanji kaɗan, saƙon da ke zuwa laka ma kaɗan. A irin wannan aiki lissafin ya juya. Wani gwaji da aka yi a Guildford ta Ingila aka buga a 2011 ya nuna masu efidural sun fi sauran daɗewa a asibiti da kusan kwana ɗaya. Wani daga Lozan ta Suwizalan a 2015 ya nuna ba ta hanzarta warkewa ba, masu ita kuma sun fi buƙatar maganin ɗaga awon jini. Dalilin a fili yake: robar baya, da na'ura, da robar fitsari, da jiri, duk suna ɗaure mutum a gado, alhali zafin da aka zo kashewa bai kai ya kawo ba. Shi ya sa ƙa'idojin ERAS na tiyatar babban hanji suke ba da shawararta a tiyatar buɗe ciki, ba sa ba da ita a ta kyamara.

Akwai kuma gaskiyar da ba a cika faɗa wa mara lafiya ba: efidural na yawan ƙin aiki yadda ake so. Rahotanni sun kai adadin har kusan kashi 30 cikin 100. Robar ta karkata gefe ɗaya, ko ta zame ta fita, ko ta kama sama ta bar ƙasan ɗinki. Wanda tasa ta ƙi da tsakar dare, babu kuma mai gyarawa a kusa, ya fi wanda ba a yi wa ba shan wuya, domin kowa na zaton an gama da batun zafinsa.

Munanan illoli ba su da yawa, amma masu nauyi ne. Gudan jini ko ƙurji a cikin wannan ɗan sarari na iya danne laka ya shanye ƙafafu. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da Kwalejin Likitocin Sa Barci ta Birtaniya ta fitar a 2009 ya ƙiyasta lahani na dindindin a kusan mutum 1 cikin 24,000 zuwa 1 cikin 54,000 a duk nau'o'in allurar baya, amma a efidural ta masu tiyata adadin ya fi haka, kimanin 1 cikin 6,000 zuwa 1 cikin 12,000. Saboda haka ba a yi wa mai matsalar daskarewar jini, ko mai ƙurji a wurin da allura za ta shiga, kuma ana taka-tsantsan da wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa. Irin waɗannan, da masu tiyatar kyamara, akwai wasu hanyoyi: a zuba maganin kashe jijiya tsakanin tsokokin bangon ciki, ko a ba da lidoken, wani maganin kashe jijiya, ta jini, ko allurar baya ta sau ɗaya, tare da farasitamol da makamantansa don a rage mofin. A Amurka tun 2008 aka amince da maganin albimofan, mai hana mofin kama hanji ba tare da ya hana shi kashe zafi ba.

Ranar cire robar ma tana da nata ƙa'idar. Yawancin masu babbar tiyata ana yi musu allurar tsinka jini don kada gudan jini ya taru a ƙafa, kuma zare roba na iya fasa ƙaramar jijiyar jini kamar yadda sa ta ke iya yi. Don haka akan bar aƙalla awa 12 tsakanin allurar tsinka jinin ta ƙarshe da cirewar, a kuma jinkirta ta gaba da wasu awanni. Kafin a kashe na'urar sai an fara ba da maganin zafi ta baki, in ba haka ba zafin zai dawo gaba ɗaya, a koma kan mofin, hanjin da ya fara tafiya ya sake tsayawa. Bayan an cire, nas za ta ci gaba da cewa mara lafiya ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar. Ƙafar da ke ƙara nauyi maimakon ta saki, ko sabon ciwon baya mai tsanani, ba abin da za a jira wayewar gari ba ne. Ana buƙatar hoton MRI nan take, domin idan gudan jini ne ke danne laka, damar ceto ƙafafun ta fi yawa idan aka cire shi cikin awa 8.